Na Wanke Bangon Gidanmu, Baba Ya Daina Zuwa Masallaci

Gwaggo Falmata, ina gaisuwa. Don girman Allah ki ba ni aron hankalinki ki taimake ni da shawara, don yau kwana goma sha tara ke nan ina yawo a garin nan kaina a sunkuye kamar wanda aka kama da akuyar mutane, alhali ni abin da na san na yi shi ne tsabta. Kada ki sa sunana. Na san duk wanda ya bi ta lungunmu a Birni ya ga bangon zai gane ni, amma dai a rufa abin da zai rufu.

Shekarata arba'in da tara. Ina da wurin wankin mota a bakin hanyar Mirriya, da injunan feshin ruwa guda uku, irin masu ƙarfin nan da ke fid da taɓon da ya shekara a ƙarƙashin kamyo, babbar motar kaya. Na zauna Yamai shekara goma sha ɗaya, na ga yadda mutanen da suka waye suke zama. Na dawo na gina nawa gidan na siminti a sabuwar unguwa. Amma babban gidanmu yana Birni, wanda kakanmu ya gina da tubali, kuma mutum biyu ne suka rage a cikinsa: Baba Suma'ila, wan mahaifina, wanda ya haura tamanin kuma ya makance shekara talatin da ɗaya da suka wuce, sai yayata Tani, da mijinta ya rasu ta dawo gida tana kula da shi.

To, bangon gidan nan dogo ne. Daga ƙofar zaurenmu ya miƙe cikin lungu har kusurwar da ɗan masallacin unguwa yake, taku arba'in ko fiye kaɗan. An yaɓe shi da makuba, an yi masa zane irin na mutanen dā wanda ya taso daga jikin bangon: ga dagi, ga takobi, ga buta, ga wasu ƙulle-ƙulle da ni ban taɓa tsayawa na gane kansu ba. Mutane suna ta zuzuta shi, wai tarihi. Ni kuwa abin da idona ke gani baƙi ne ƙirin, ga kashin tantabaru, ga hayaƙin masu tuya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wani layin maiƙo mai sheƙi, daidai gwiwar hannu, tun daga ƙofa har masallaci. Sawun hannun Baba ne. Sau biyar a rana yake fita salla shi kaɗai, ba sanda ba ɗan jagora, yana shafa bangon da hannun dama in zai tafi, da na hagu in zai dawo. Shekara talatin da ɗaya ana shafa wuri guda da hannun da ya ci tuwo, ki auna da kanki yadda zai kasance.

Abin da ya tayar da maganar, 'yata Bilkisu ce ta gama karatu ta kawo wanda take so, ɗan mutanen Yamai, gidan 'yan boko ne tun daga kaka. Suka sa ranar da manyansu za su zo neman aure. Na ce a sauke su a falona, ga sanyi ga kujeru. Yaya Tani ta ce ai ban isa ba, muddin Baba yana numfashi a zaurensa ake neman auren 'yar gidan nan, haka aka nemi nata, haka aka nemi na kowa. Ban ja ba, don na san gaskiyarta ce. Amma na ce a raina, wallahi mutanen nan ba za su sauko daga mota su tarar da wannan ƙazanta su tafi suna cewa daga nan muka ɗauko mata ba.

Na sha gani a salula yadda Turawa ke wanke gidajensu na jan bulo da irin injin da nake da shi sak. Mutum ya tsaya ya saki ruwa, baƙin yana zuba, jan yana fitowa tas kamar yau aka gina. In na fara kallo sai in manta da abinci a gabana. Na ce to, gini dai gini ne, me nasu ya fi namu?

Ranar Talata da hantsi, saura kwana uku baƙi su zo, na ɗora inji da gurup ɗin ba da wuta a mota na nufi Birni. Yaya Tani ta tafi Garagumsa ta'aziyya, Baba yana ciki yana hutawa. Ban gaya wa kowa ba, so nake su gani kawai su yi mamaki. Kin san halin ruwa a Damagaram, a lokacin famfon unguwa ya kwana uku bai ɗigo ba, sai na sa 'yan ga-ruwa suka cika mini tano, manyan gangunan ruwan nan, har shida. Matan da ke layi da bidonsu suka riƙa kallona suna taɓe baki. Ban kula su ba, ai ba na wata na ɗiba ba.

Ina cikin haɗa tiyo sai ga Idirisu magini. Tsoho ne, shi ke zuwa duk bayan damina biyu yana sabunta makubar bangon, ubansa ma shi ke yi kafin shi. Shekara biyu da suka wuce na sallame shi, na ce masa mun gaji da shafe-shafen taɓo, in na samu sarari siminti zan yi. Tun daga nan gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki. Ya tsaya ya dubi injin, ya dube ni, ya ce in rufa wa kaina asiri in kashe abin nan, baƙin da nake gani ba dauɗa ba ce, ita ce rigar bangon, in na tuɓe ta ƙasa ce zalla a ciki. Ya faɗa sau biyu, na biyun da ƙarfi, a gaban jama'a. Gwaggo, raina ya ɓaci. Mutumin da ko lakwal, makarantar boko, bai taɓa leƙawa ba, bai san inda ake kunna inji ba, shi zai tsaya a ƙofar gidanmu yana yi mini karatu? Na ce masa tsoron rasa aiki ke damunsa. Sai na kunna, na ɗan karkata bakin tiyon wajen ƙafarsa don ya matsa. Ni dai ƙasa na nufa, amma ruwan ya tashi da taɓo ya jiƙa masa riga har ƙirji, hularsa ta faɗi. Wasu suka yi dariya, ni ma na yi, ba zan ɓoye miki ba. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya tafi abinsa.

Da farko abin gwanin sha'awa. Baƙin yana sauka, wani ja mai kyau yana bayyana, har na ce ina ma tsohon ya tsaya ya sha kunya. Na bi layin maiƙon nan musamman na ba shi wuta. Can sai na ga takobin ya ɓanɓaro gaba ɗayansa ya faɗo ƙasa ya narke. Na ce wurin ne ya riga ya ruɓe. Butar ma ta bi shi. A nan gabana ya faɗi, amma na duba na ga in na tsaya, rabi wankakke rabi baƙi, munin zai fi yawa, gara in ƙarasa ya zama iri ɗaya. Na ƙarasa kuwa. Kafin rana ta take, tano shida sun ƙare, lungu ya zama kwatami, zane ko ɗaya bai rage ba. Tubalan suka fito tsirara a jere kamar curin fura a faifai, wani wurin ma hannu zai shige.

Ina tsaye ina tunanin abin da zan ce sai aka kira azahar. Baba ya fito da alwalarsa kamar kullum, ya miƙa hannu ya dafa bango. Ya ja ya tsaya. Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya murza taɓon a yatsunsa. Ni kuwa ina nan tsaye riƙe da tiyo. Ashe, Yaya Tani ce ta gaya mini daga baya, da zanen yake ƙirga hanya: in hannunsa ya taɓa dagi ya san akwai dakali ya kauce, in ya taɓa takobi ya ɗaga ƙafa ya tsallake kwata, in ya zo buta ya juya dama ga ƙofar masallaci. Ya daure ya ci gaba yana laluben ramuka, da ya zo kwata babu takobin da zai gaya masa, sai ya zurma ciki ya faɗi a kan gwiwa. Muka ruga muka ɗaga shi, farar rigarsa duk taɓo. Bai yi faɗa ba, bai kira sunan kowa ba. Ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina ya ce, "Wa ya ɗauke mini hanya?"

Tun daga ranar bai sake taka lungun nan ba. Mutumin da liman ya shaida shekara talatin da ɗaya jam'i bai wuce shi ba sai ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, yanzu a zaure yake salla shi kaɗai. Na kawo lokotoro ya duba gwiwar, ya ce ƙujewa ce kawai, ta ma warke. To me ya rage in ba fushi ba?

Yaya Tani da ta dawo ba irin maganar da ba ta gaya mini ba, har da cewa Yamai ta cika mini aljihu ta kwashe mini kai. Mutanen unguwa kuwa, munafukai, waɗanda suka tsaya suna kallo ba wanda ya riƙe mini hannu, su ne yanzu malaman gini. 'Yan kabu-kabu in sun gan ni sai su rage gudu su tambaye ni ko ina wankin katanga a kai ni wani gida. Wani baƙauye daga Zermu ya zo har wurin aikina, fuskarsa ba alamar wasa, wai rumbunsa ya yi dauɗa ko zan leƙa. Mutanen da ko sabulun kirki ba sa saya, su ne ke yi mini dariyar tsabta.

Baƙin Yamai suka zo ranar Juma'a. Na jingina tabarmi a bangon don in rage abin, iska ta kayar da su. Babban cikinsu, wani mushe, wato malamin makaranta, mai farin gashi da ya koyar da tarihi har ya gaji, yana saukowa daga mota ya tsaya yana waige-waige, ya ce ko sun ɓata hanya ne, don shi gidan mai takobi da buta aka kwatanta masa, tun yana ɗalibi ya taɓa zuwa ya tsaya a gabansa, kuma duk tafiyar nan ɗokin sake ganinsa yake. Ya tambaya ko ambaliya aka yi. Baba ya karɓe su a zaure da fara'a, ya ba da Bilkisu, ya yi addu'a mai tsawo, bai ambaci bango ba ko da kalma ɗaya. Wannan shirun ya fi mini zagin Yaya Tani ciwo.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Na sayo masa sandar makafi ta zamani mai naɗewa, ya shafa ta ya ce madalla, tana nan a bayan ƙofa. Na ce ya dawo gidana, masallaci na jikin katanga, ya ce ya gode, nan ma lafiya lau. Na aika wa Idirisu da goro da saƙon ya zo ya gyara, ko me yake so zan yi. Ya mayar da goron. Ya ce a gaya mini yaɓe zai yi shi saboda Malam Suma'ila, amma ba da aike ba, wanda ya jiƙa shi a gaban mutane ya san ƙofar gidansa. Zane kuwa, wai shi bin sawun wanda ya tarar yake yi, bai taɓa haddace shi ba, wai duk Damagaram ba wanda ya san zanen nan daga farko har ƙarshe sai hannun Baba. Ki ji fa rainin hankali. Makaho ne zai koya wa magini zane? Ni na san so yake in je in durƙusa ya rama, shi ya sa yake ƙirƙiro wannan tatsuniya.

Ga shi hadari ya fara haɗowa daga gabas, an ce wajen Mirriya har an yi yayyafi. Ɗakin Baba bayan bangon nan yake. Ko ni da ba magini ba na san ruwan farko in ya zo da iska ya daki wannan tsiraicin, ba a san inda abin zai tsaya ba. Na samu wani mai aikin siminti ya ce kwana biyu ya isa ya shafe shi sumul, mu yi masa fenti shuɗi, a huta. Yaya Tani ta ce sai dai bayan ranta.

Gwaggo, zan gaya miki abin da ban gaya wa ko matata ba. Shekaranjiya na shiga zauren daidai ana kiran la'asar. Baba yana zaune a buzunsa bai san na shigo ba. Da ladan ya ɗaga murya sai na ga hannunsa na dama ya tashi shi kaɗai, ya miƙe cikin iska daidai inda bango yake zama, ya ɗan tsaya, sannan ya koma kan gwiwarsa. Na fita da baya na shiga mota na yi kuka. Ina jin kunya, kuma ina jin haushin kowa, har na rasa wanne ya fi yawa. Shin in sa a yi simintin ko da Yaya za ta yi fushi, tunda rai ya fi zane? Kuma dole ne mutum kamata, mai ma'aikata a ƙarƙashinsa, ya je ya durƙusa wa mai kwaɓa taɓo saboda riga ɗaya da ta jiƙe? Yaya zan yi tsohon nan ya daina wannan fushin ya koma masallaci?

Naki,
Mai Son Tsabta, Birni, Damagaram

*

Ɗana Mai Son Tsabta, na amsa gaisuwarka, na kuma karanta takardarka sau biyu. Karon farko na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba tunda kai ma ba ka ɓoye mini taka ba. Karo na biyu ban yi ba.

Shekara arba'in da tara, goma sha ɗaya a Yamai, injuna uku, amma ba ka san bambancin bulon da aka gasa a wuta da tubalin da rana ta busar ba. A cikin ɗakin tubali aka yanke maka cibiya fa. Kowace tsohuwa mai tuyar ƙosai a lungunku ta san ƙasa in ta sha ruwa taɓo take komawa, kai sai da ka sayi tano shida, a garin da mata ke kwana uku a layin famfo, kafin ka gano. Kuma ba wai ba a gaya maka ba. An gaya maka sau biyu, ka amsa da tiyo. Har yanzu da bangon yake tsaye tsirara yana ba da shaida, kana kiran mutumin mai kwaɓa taɓo. Shi taɓon da ya kwaɓa ya riƙe gidanku tun kafin a haife ka. Taka gwanintar ba ta kai azahar ba.

Ban ce komai naka mugu ne ba. Son ka fita kunyar surukan 'yarka ba laifi ba ne, kuma ka bi yayarka da ta ce a zauren Baba za a yi, wannan na yaba. Maƙwabtan da suka tsaya kallo suna dariya lokacin da hular dattijo ta faɗi, su ma ba su da bakin yi maka wa'azi yau. Yaya Tani ta faɗi nata, ya isa haka, in tana karanta wannan ta sassauta, gori ba ya yaɓe bango. Injinka ma ba shi da laifi. Ka je ka wanke gidanka na siminti da shi har ka gaji, ka dai ja baya kaɗan kada ka ci fentin. Amma ko kusa da ginin ƙasa kada ya sake zuwa, ko na wane ne.

Siminti kuwa, a'a. Ba don zane kaɗai ba. Tambayi duk wanda ya taɓa yi: siminti ba ya kama jikin ƙasa, zama yake a kanta kamar murfi. Danshi ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasar ta riƙa ruɓewa a ɓoye, kai kana waje kana sha'awar shuɗin fentinka, wata damina ya ɓallo faifai guda da rabin bangon. A bayansa kuma tsohon da ba ya gani ne yake kwance. Mai simintin nan kwana biyu ya yi maka alkawari, bai yi maka alkawarin shekara biyu ba. Ka riga ka yi wa bangon nan gaggawa sau ɗaya.

Yau ɗin nan, kafin ka yi komai, ka nemi tamfol mai kauri ka rufe bangon daga sama, musamman daidai ɗakin Baba, ka duba indararo ko yana zubar da ruwa nesa da gindin gini. In hadari ya taso kafin a gama aiki, a mayar da shimfiɗarsa wani ɗaki, ko yana so ko ba ya so. Yanzu lokacin 'ya'yan ɗorawa ne, da ɓawonsu ake makuba, ba za ta yi wuyar samu ba, ranar kasuwar Mirriya ka je da kanka ka loda a motar nan taka. Ka kuma cika tano shida ka ajiye a bakin famfon unguwa, ka ce na matan da ka yi wa almubazzaranci a gaban idonsu ne, kada ka tsaya jiran godiya.

Ka tambaya ko dole ne ka durƙusa. Dole ne. Ba riga ka jiƙa ba, ɗana, dattijo ka wulaƙanta a gaban mutane saboda ya gaya maka gaskiya. A gaban mutane ka yi, a gaban mutane za ka gyara. Ka je da rana tsaka lokacin da dakalinsa ke cike, ka bar motar a bakin titi, ka cire takalmi, ka tsuguna, ka ce Baba Idirisu ka faɗa ban ji ba, na yi maka rashin kunya, ka yafe mini. Kada ka ƙara da amma. Kada ka fara zancen abin da za ka ba shi sai shi ya kawo maganar aiki. Kuma ka lura, mutumin nan bai rufe maka ƙofa ba, kwatancenta ma ya aiko maka. Ma'aikatan da kake taƙama da su ba za su raina ka don wannan ba, labarin rumbun Zermu ne ke sa su dariya in ka juya baya.

Maganar da ka kira tatsuniya kuwa, ita ce mafi hankali a duk takardarka. Kai da idonka biyu ka rubuta mini cewa akwai ƙulle-ƙullen da ba ka taɓa gane kansu ba. Baba ya bi zanen nan da yatsunsa sau goma a rana, tafiya da dawowa, shekara talatin da ɗaya. Ya san inda takobi ya lanƙwasa, ya san tazarar da ke tsakaninsa da buta, ya san tsayin kowane ƙulli daga ƙasa. Wa kake da shi da ya fi shi? Idirisu ba ba'a yake maka ba, yana gaya maka ne aikin na mutum biyu ne, kuma ɗayan yana zaune a zaure ya kasa fitowa.

Ba kuma fushi yake ba. Mai fushi ba ya ba da 'yarka da fara'a ya bi ta da doguwar addu'a. Tsoro yake ji. Bangon nan shi ne abu guda da ya rage masa wanda yake yi ba tare da ya roƙi kowa ba, ya fita ya dawo a kan ƙafarsa kamar kowane magidanci, sai rana ɗaya ya miƙa hannu ya ji babu, ya faɗi a kwata a gaban unguwa. Kai kuma ka kawo masa sanda mai naɗewa, ka ce ya koyi sabuwar tafiya yana da shekara tamanin. Ya yi maka tambaya ranar da ya faɗi, kuma ban ga inda ka ce ka amsa ba. Ya sani sarai, ya ji ƙarar injin, ya san numfashinka. Jira yake ka faɗa da bakinka. Ka je ka zauna a ƙasa kusa da buzunsa ka ce, Baba, ni ne.

Daga nan sai aikin da ba za ka iya aikawa a yi maka ba. Daga gobe har ranar da makuba ta bushe, duk kiran salla ya same ka a ƙofar zauren nan. Wurin wankin mota ba zai rushe ba don ka bar shi sau biyar a rana, ai ka ce kana da ma'aikata. Kada ka ja shi da hannu kamar kaya. Ka tsaya ta damansa in za ku tafi, ta hagunsa in za ku dawo, daidai inda bangon yake, ka bar shi ya dafa ka. In kun zo dakali ka ce masa dagi, in kun zo kwata ka ce takobi, in kun zo kwana ka ce buta. Wataƙila ranar farko ya ƙi tashi. Ka dawo la'asar. 'Yan kabu-kabu za su gan ka, su gani.

Ranar da Idirisu ya ɗora ɗanyen yaɓe, kai za ka kawo Baba gaban bangon, ka ɗora tafin hannunsa a kai, ka ja bakinka ka yi shiru su biyu su yi aikinsu. Ba zai fito sak irin na kakanku ba, wancan ka narkar da shi ya bi kwata, sai ka haƙura ka ɗauki wannan a ranka. Amma zai fito yadda hannun Baba zai gane shi. In Allah ya ja kwanansa, nan da shekara za ka ga wani siririn layin maiƙo ya fara fitowa daidai gwiwar hannu, daga ƙofa zuwa masallaci. Ka bar shi.

Allah ya riƙe ruwan nan har ku rufe bangon, ya ƙara wa Baba Suma'ila lafiya, ya sanya alheri a auren Bilkisu. Ka gaishe mini da Yaya Tani. Yanzu ajiye jaridar ka duba agogo, ina jin an kusa kiran salla.

Gwaggo Falmata